Na'ura ko wuta ko mutum: me ɗakunan bincikenmu na DNA suka fi buƙata?

Ma'aikaciyar Lab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Litinin zuciyata ba daɗi, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan zaure. Ranar Juma'a na bar lab ɗinmu firizar da muke ajiye samfura tana kan sanyin da ya kamata, wato digiri 80 ƙasa da sifili. Aka ɗauke wuta ranar Asabar, man janareta ya ƙare, babu wanda ya kira kowa. Da na shigo Litinin da safe, tun daga ƙofa na ga ruwa ya kwanta a ƙasan firizar. Na buɗe, kwalayen da muke jera ƙananan kwalaben jini sun jiƙe sharkaf, rubutun da na yi da hannuna a jikinsu har ya fara wankewa. Wata takwas muna tara jinin nan daga masu zazzaɓi, wasu ƙauyukan sai da babur muke isa. Abin da muke nema a ciki RNA ce, wato 'yar'uwar DNA mai ɗauke da bayanin halittar ƙwayar cuta, ita kuwa ba ta jure zafi. Ta lalace.

Abin da ya ƙara min ciwo, a makon nan ake shirin zama don rubuta takardar neman kuɗin sayen na'urar karanta DNA. Shin mun isa sayen irin wannan na'ura alhali firiza ɗaya ta gagare mu? Ko dai mu ci gaba da aika samfura waje, mu huta?

Tsohon Malami: Wa alaikumussalam 'yata. Allah ya mayar miki da alheri, na san zafin abin nan. Amma kada ɓacin rai ya sa ki ce a haƙura da na'ura. Ki duba Ede a jihar Osun. Cibiyar ACEGID mai binciken halittar ƙwayoyin cuta da ke Jami'ar Redeemer's, wadda Farfesa Christian Happi ke jagoranta, a ƙasar nan take, da irin wutarmu da irin hanyoyinmu. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Kafin 'yan kwanaki, a farkon Maris, an karanta dukkan haruffan halittar ƙwayar cutar a Ede an fitar wa duniya, kuma shi ne karo na farko a duk Afirka. Da sai an sa samfurin a jirgi an kai Turai, da mun zauna muna jira a gaya mana abin da ke cikin gidanmu.

Ma'aikaciyar Lab: Baba ban ƙi taka ba. Amma su sun fara ne da ginin abin da zai riƙe na'urar. Mu kuwa muna son fara gini daga rufi.

Ɗan Kwamfuta: Yaya, sannu da wannan rashi. Ni ina ganin ku biyun kun tsallake abu na uku. A ce yau an ba ku wuta awa 24, an kawo na'ura an ajiye. Me kuke tsammani za ta ba ku? Ba ta fito da takarda ta ce ga sunan cuta, ga daga inda ta zo. Fayil take bayarwa, cike da miliyoyin guntayen rubutu na haruffa huɗu kacal: A, C, G, T. Kowane guntu gajere ne, wani ma da kuskure a cikinsa.

Ku ɗauka an yayyanka turamen atamfa iri ɗaya ƙyalle-ƙyalle, an zuba a buhu, an miƙa wa tela an ce ya maido da turmi guda yadda yake. Dole ya bi zane, ya ga inda ganyen wannan ƙyalle ya haɗu da na wancan, ya jefar da wanda ya ƙone, ya gane wanda ma ba na atamfar ba ne. A jinin mara lafiya mafi yawan ƙyallayen na shi mutumin ne, na ƙwayar cutar kaɗan ne a ciki. Wannan aikin telan shi ake kira bayo-infomatiks, kuma da kwamfuta ake yin sa. Ƙwayar korona haruffanta wajen 30,000 ne, kwamfutar tafi-da-gidanka ma tana iyawa. Na ɗan Adam kuwa wajen biliyan 3 ne, fayil ɗin mutum ɗaya na iya cin gigabait kusan 100. To wa zai zauna da shi? Na taɓa shiga wani lab na tarar da na'ura lulluɓe da leda, ƙura ta hau ledar, saboda wanda aka koya wa aikin ya samu gurbin karatu ya tafi. Ba wuta ce ta kashe ta ba.

Tsohon Malami: Wannan gaskiya ne, na ga irinsa fiye da sau ɗaya.

Baban Yara: Ku yi haƙuri, ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Duk wannan wahala don me? Mara lafiya magani yake nema. Idan an karanta haruffan cuta, shi me ya samu?

Likitan Yara: Alhaji, tambayarka a kan hanya take, bari in ba ka misali daga shan inna. Bayan yaron da aka samu a Sumaila a watan Yuli 2014, Najeriya ta yi shekara biyu cur ba a ga ƙwayar shan inna ta daji ba, wato ta asali, ba wadda ta samo tushe daga maganin rigakafi ba. Har an fara murna. Sai a watan Agusta 2016 aka samu yara biyu a Borno, ɗaya a Jere ɗaya a Gwoza. Tambayar farko ita ce: shigo da ita aka yi daga wata ƙasa, ko tamu ce?

Ka san yadda a dā ake gane zuriyar mutum da tsagar fuskarsa. Ƙwayar cuta ma haka take. Duk lokacin da ta hayayyafa takan yi ɗan kuskure a haruffanta, kuskuren nan ya bi 'ya'yanta da jikokinta. Da aka karanta ta 2016, sai aka ga danginta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011. Ma'ana shekara biyar tana yawo daga yaro zuwa yaro a garuruwan da rikici ya hana ma'aikatan rigakafi shiga, ba wanda ya sani. Wannan ya sauya aikin gaba ɗaya. Maimakon a tsaya gadin iyaka, sai aka koma neman hanyar isa ga yaran da ke cikin daji da tsibiran Tafkin Chadi. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta daji. Yaron da ya riga ya shanye bai samu komai ba, wannan haka ne. Amma ƙannensa sun samu.

Haka ma zazzaɓin Lassa a 2018. Masu kamuwa sun yi yawa ƙwarai, aka shiga tsoron ko sabon nau'i ne ya ɓullo mai saurin bin mutane. Aka karanta samfura daga asibitin Irrua a jihar Edo, aka ga ƙwayoyin ba 'yan gida ɗaya ba ne, daban-daban suke. Wato yawancin mutanen daga ɓera kowa ya ɗauko tasa, ba daga ɗan uwansa ba. Sai hankali ya koma kan rufe abinci da hana ɓera shiga ɗaki da rumbu.

Baban Yara: To Dakta, na ji wannan. Amma akwai abin da ke cina, kuma duk ɗan Kano mai shekaruna ya san shi. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato IDH, a kan yara wajen 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya kashe su, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kun san irin ɓarnar da abin nan ya yi wa yarda, har ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Yanzu kuma kuna cewa a ɗebi jinin mutane a karanta asirin halittarsu. Ina jinin yake zuwa? Wa ke riƙe da bayanin? Idan an yi magani da shi, mu za mu iya saya?

Ma'aikaciyar Lab: Alhaji wallahi maganarka ta taɓa ni, domin ni ce nake zuwa in tsuguna gaban uwa in ce ta ba ni hannun ɗanta. Akwai wata tsohuwa da ta riƙe min mayafi ta ce, "'Yar nan, ba dai sayarwa za ku yi ba ko?" Na rantse mata. Jinin jikanta yana cikin waɗanda suka narke. Ban sayar ba, amma ban riƙe amanar ba.

Tsohon Malami: Alhaji, ai maganarka hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Shekara da shekaru tsarin shi ne a zo a ɗebi samfur, a tafi da shi Amurka ko Ingila, a yi nazari, a buga sakamako, sunan namu ya zo can ƙarshe ko ma babu. Saboda gyara wannan aka kafa shirin H3Africa, da kuɗin hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome, bisa sharaɗin masana na Afirka su jagoranta, a kuma ajiye samfuran a nahiyar. Idan ba mu da lab namu, ba mu da bakin cewa kada jini ya fita.

Baban Yara: Kuɗin kuma nasu ne, Malam. Mai ba da kuɗi shi ke da magana.

Tsohon Malami: Nan kam ka kama ni. Ba ni da amsa sai dai in ce gwamnatocinmu da masu hali su sa hannu a aljihu.

Ɗan Kwamfuta: Kuma ko an riƙe jini a gida, bayanin ai ta intanet yake tafiya. Ga misali mai ɗaci. A Nuwamba 2021, Dakta Sikhulile Moyo da abokan aikinsa a Botswana, da su Farfesa Tulio de Oliveira a Afirka ta Kudu, suka ga nau'in korona mai sauye-sauye da yawa, suka sanar da duniya nan take. Shi ne aka sa wa suna Omicron. Ladan da suka samu shi ne rufe wa ƙasashensu hanyar jirage. A Disamba Birtaniya ta haɗa har da Najeriya a jerin. Duk da haka ni ina goyon bayan a riƙa fitar da bayanan ƙwayoyin cuta, domin cuta ba ta san iyaka ba. Amma bayanan mutum daban ne. DNA ɗinka ba naka kaɗai ba ne, akwai na iyayenka da 'ya'yanka a ciki. Wannan dole sai da izini na gaskiya, a yi wa mutum bayani da Hausa har ya gane, ba a miƙa masa takardar Turanci ya dangwala yatsa ba. Kwamitin ɗa'ar bincike ya duba, a cire sunaye, kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a.

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. 'Ya'yana biyu masu sikila ne. Daren jiya ma ban runtsa ba, ƙaramin yana kuka yana cewa ƙafarsa kamar ana sara, ina dumama ruwa ina gasa masa har asuba. Na ji a rediyo wai an samu maganin warkewa ta hanyar gyaran DNA. Dakta don Allah ka gaya min gaskiya, zai iso gare mu?

Likitan Yara: Hajiya, Allah ya ba su lafiya, ya ba ki ladan jinya. Gaskiya zan gaya miki. Maganin akwai shi, sunansa Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya. Sai an ciro ƙwayoyin ɓargo, an gyara su a lab, an ba mara lafiya magani mai ƙarfi irin na masu kansa, sannan a mayar masa, ya yi makonni a kwance. Ba zan sa miki rai da shi nan kusa ba.

Abin da ke hannunmu yanzu shi ne hydroxyurea idan likitansu ya ga ya dace, da kariya daga maleriya, da rigakafi, da yawan shan ruwa, da zuwa asibiti a kan kari. Kuma ki lura, shi hydroxyurea da shi wannan sabon maganin dabararsu ɗaya: tayar da irin jinin da jariri ke da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a mai sikila, A ta koma T, amma za ki ga yara biyu duk SS, ɗaya kullum yana asibiti, ɗaya sai ya shekara lafiya. Wani ɓangare na dalilin yana cikin sauran haruffansu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, don haka idan akwai inda ya kamata a yi wannan bincike, nan ne.

Uwar Biyu: Na gode Dakta. Ko ba komai na san inda na tsaya. Idan ana neman yara don irin binciken, ni zan yarda, in dai za a dawo a gaya min abin da aka gani.

Tsohon Malami: Hajiya, sharaɗinki shi ne daidai. Kuma ku sani, har yau yawancin abin da duniya ta sani game da DNA na ɗan Adam daga Turawa aka samo shi, alhali mu 'yan Afirka mun fi kowa bambance-bambance a tsakaninmu. A 2020 masu binciken H3Africa suka karanta na mutum 426 kawai daga ƙabilu 50, suka tarar da sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Mutum 426 fa. To ina ga an shiga Sakkwato da Katsina da Damagaram da Adamawa da gaske?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Duk kun tsaya a gidan likita, kun mance gona. Mu nan abin da ya dame mu wake da hatsi. An karanta haruffan gero gaba ɗaya a 2017, ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken noma ta ICRISAT, wadda take da tasha a Sadore kusa da Yamai. Na wake kuma a 2019, kuma irin da aka karanta na cibiyar binciken noma ta IITA ne, masu tasha a Kano. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a noman wake a duniya. A dā mai fitar da iri sai ya shuka, ya jira ya ga wane ne ƙuduji bai kama ba. Yanzu yana iya tsinkar ganye tun shuka tana ƙarama, a duba alama a DNA, ya san wanda zai riƙe. Shekarun aiki suna raguwa.

Baban Yara: Wannan ba shi ne irin da ake ta rigima a kansa ba, wanda aka ce an sa masa wani abu?

Ɗan Maraɗi: A'a Alhaji, biyu ne. Wancan ana ɗauko wani abu daga wata halitta a sa a cikin shuka. Wannan kuwa aure ne tsakanin wake da wake kamar yadda aka saba, karatun DNA zaɓe kawai yake taimakawa.

Ɗalibi: Malamaina barkanku. Ina aji uku a sashen nazarin ƙananan halittu. Ban taɓa ganin na'urar nan da idona ba. Ta ina mutum zai fara?

Ɗan Kwamfuta: Ƙanena, ba ka buƙatar ganinta tukuna. Kwamfutarka da ɗan data sun isa. Ka fara da Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows, ka iya buɗe fayil da bincika shi ta hanyar rubuta umarni. Sai Python ko R, harsunan rubuta wa kwamfuta umarni ne, ɗaya ka riƙe har ka iya. Ka shiga GenBank, rumbun haruffan halittu ne a intanet, kyauta ne, ka sauko da haruffan ƙwayar Lassa guda ashirin daga jihohi daban-daban, ka jera su, ka zana bishiyar danginsu, ka gani ko na Edo da na Bauci za su rabu. Ka ɗauki guntu ka sa a manhajar BLAST ya gaya maka na wace halitta ce. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, akwai shafin Galaxy, a intanet yake yin lissafin. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka yar da ilimin halittar da kake koya. Na ga masu iya rubuta umarni da suka fitar da sakamako mai kyan gani, alhali samfur biyu ne suka gauraya tun a kan tebur, ba su gane ba saboda ba su san yadda ake aikin da hannu ba.

Batun na'ura kuma Yaya, ba dole sai babba irin ta kamfanin Illumina ba. Akwai MinION ta kamfanin Oxford Nanopore, tana shiga aljihu, a jikin kwamfuta ake jona ta. Da irinta aka yi wani ɓangare na aikin Irrua a 2018. Matsalarta sinadarai ne, ba sa son zafi, kuma suna da wa'adi. Idan kaya suka kwana biyu a filin jirgi ana jiran takarda, an yi asara.

Tsohon Malami: To ni dai ina nan a kan bakana, a sa na'ura a cikin takardar, ko ƙaramar ce. Yaro ba ya koyon tuƙi a allo.

Likitan Yara: Ni kuma Malam na ce a jinkirta ta shekara guda. A ga an riƙe sanyi tukuna.

Ma'aikaciyar Lab: Na gode muku duka. Ga abin da zan kai zaman ranar Alhamis. Na farko sola da batura na firiza ita kaɗai, ba a haɗa ta da fanka ko fitila ba, da ƙaramin abin auna sanyi mai aiko saƙo a waya idan ya fara hawa. Na biyu duk samfurin da aka kawo a raba shi biyu, rabi ya kwana a wani gini. Na uku a tura mutum biyu koyon aikin kwamfutar, ba ɗaya ba. Ƙaramar na'urar zan rubuta ta, Baba, amma a zango na biyu. Kuma na roƙi shugabanmu ya ba ni mota mako mai zuwa, zan koma ƙauyukan in faɗa musu abin da ya faru da bakina kafin in sake neman hannun kowa. Tsohuwar nan ita zan fara zuwa wa.

Likitan Yara: Ƙanwata, kafin solarku ta iso, akwai layi ɗaya da babu komai a firizarmu. Ki sa shugabanku ya rubuto wa namu, sai ki kawo sabbin samfuran da za ki tara a kula da busasshiyar ƙanƙara. Ki taho da sassafe kafin rana ta yi.

Ma'aikaciyar Lab: Allah ya saka da alheri Dakta. Gobe in sha Allahu takardar za ta iso.